Ƙarfen da Aka Sa wa Inna a Cinya

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu, zancen da ke bakin ma'aikata a Yelwa shi ne wa za a mayar Birnin Kebbi, wa zai zauna. Mu a gidanmu ba mu daɗe muna wannan hira ba, domin rani na shigowa Inna ta karye.

Inna 'yar kasuwar albasa ce. Tun ina goye take bin gonakin bakin ruwa, daga wajen Shanga har Ngaski, tana saye a hannun manoma ta kawo Yelwa ta sayar wa masu lodin Kudu. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, kuma ba ta jiran ɗan dako idan buhu ya tare mata hanya. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana. Mu biyu ta rena: yayana, wanda ke tuƙa jirgin inji yana ƙetarar da mutane zuwa gungaye, wato tsibiran cikin kogi, sai ni, da na zama malamar firamare, na yi aure a unguwa ɗaya da ita.

Inna da abokan sana'arta suna dawowa daga kasuwar Wara ne a cikin akori-kura, mata a zaune kan kaya, taya ta fashe motar ta kife. Buhunan albasa suka danne mata cinyar hagu. Kafin labari ya iso mana an riga an kwashe su zuwa asibitin gari, daga can aka ce wannan karaya ta fi ƙarfinsu, ƙashin ya farfashe, ga kuma rauni a buɗe. Aka tura mu babban asibitin birni, tafiyar wuni guda. Ba wanda ya zauna ya yi shawara ko a je asibiti ko a je wajen mai ɗori. Inda aka nuna mana muka bi.

A can ta yi makonni a kwance, an rataya mata nauyi a ƙafa, ana jiran raunin ya yi kyau. Sannan aka shiga da ita tiyata. Da ta farfaɗo, likitan da ya yi aikin, wani dattijo mai fara'a, ya ɗaga hoton ƙashi a jikin taga ya nuna mana. Ga ƙashin, ga wani dogon ƙarfe fari fat kwance a jikinsa, an ɗaure shi da kusoshi a jere kamar yadda kafinta ke kafa ƙarfen ƙofa. Ya ce ƙarfen zai riƙe ƙashin har ya haɗe, kada ta taka ƙafar sai ya ba da izini. Inna ta daɗe tana kallon hoton. Ta tambaye shi ko ƙarfen na yin tsatsa. Ya yi dariya ya ce ba irin wannan ba ne.

Mun dawo gida da murna. Ta bi dokar likita fiye da yadda na yi zato, ta zauna a kan tabarma tana aika mutane gona, tana faɗa da su idan sun dawo da albasa mai ruɓa. Da aka ba ta izini ta fara takawa da sanduna biyu, sannan ɗaya. Mata suka riƙa shigowa kallo, wasu har su nemi su taɓa wurin ta saman zane. Wata tsohuwa ta gargaɗe ta kada ta fita idan ana tsawa. Inna takan ce ƙafar hagun yanzu ta fi ta dama tsada, a yi dariya.

Da damina ta yi nisa, wani ɗan ƙurji ya fito a ƙarshen ɗinkin, kusa da gwiwa. Bai kai ƙwayar wake ba. Muka ce maruru ne. Ya nuna, ya fashe, ya zubar da ruwa, muka jira ya bushe. Bai bushe ba. Mai kemis na unguwarmu ya ba mu kafso, ta sha, bakin ya rufe, muka yi hamdala. Ba a jima ba cinyar ta kumbura, ta yi zafi kamar an ɗora dutsen guga, zazzaɓi ya kwantar da ita, sannan wurin ya sake fashewa. Wannan karon mugunya ce, mai kauri, mai wari.

Daga nan rayuwata ta koma bin wannan ɗan rami. Da safe kafin in tafi makaranta in biya gidan Inna in tafasa ruwa da gishiri, in jira ya huce, in wanke, in matse, in rufe da auduga. Da la'asar in dawo in tarar ya jiƙe har zane. Bandeji ya yi mana wuya, sai na yayyanka tsofaffin zannuwanta farare ina dafa su a tukunya ina shanyawa. Igiyar shanyar gidan ba ta taɓa zama babu su ba. Ƙudaje suka san ɗakin. Hannuna kuwa, ko na wanke da sabulu na shafa mai, ina riƙe da alli a aji ina jin warin a yatsuna.

Abin da ya fi ci wa Inna rai ba ciwon ba ne. Wata rana ta je suna a maƙwabta, ta zauna cikin mata, sai ta lura wadda ke gefenta ta ɗan ja jiki ta kai mayafi hanci. Wataƙila ma matar ba ta san ta yi ba. Inna ta yi barka ta tashi. Daga ranar ba ta ƙara zuwa biki ko suna ba, gaisuwar mutuwa ma sai ta tsaya daga ƙofa.

Komawa asibitin birni a shekarun nan ba ƙaramin abu ba ne. Man fetur ya yi ƙaranci, sai mu kwana biyu muna zuwa tasha babu mota. In an samu, a cusa mu, Inna a gaba ta miƙe ƙafa, kowane rami a hanya sai na ga ta runtse ido. Zuwanmu na farko muka tarar ana yajin aiki, ƙofofi a rufe, muka juyo. Zuwa na biyu aka ce dattijon da ya yi mata aiki ya bar ƙasar. Wanda ya gaje shi matashi ne siriri, idanunsa jajur, layin da ke jiransa ya kai bakin baranda. Amma ya saurare mu. Ya sa aka ɗauki sabon hoto, ya duba.

Bayanin da ya yi mana, rabinsa da Turanci, na fahimce shi tun a karon farko, sai dai na so a ce ban fahimta ba. Ya ce ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama a jikin ƙarfen. Mai yiwuwa tun ranar hatsarin suka shiga ta raunin, mai yiwuwa daga baya, ba wanda zai iya rantsuwa. Ƙarfe ba shi da jini, don haka magani ba ya kai musu yadda ya kamata, yakan kwantar da su ne kawai su sake tashi. Maganin abin shi ne a cire ƙarfen. To amma ƙashin bai gama haɗewa ba, in an cire babu abin da zai riƙe shi. Kuma abin da ya hana shi haɗewa, ita ce wannan cutar.

Inna ta juyo ta dube ni. "Mi ya ce?"

Na ce mata ya ce a ci gaba da shan magani, mu dawo bayan wani lokaci a ga ko ƙashin ya kama.

Haka muka yi ta yi. Mu je, a ɗauki hoto, a ɗaga shi a taga, a ce da saura. A sauya magani. Wani ya sa ta amai, wani ya sa ta gudawa, wata allura kuma ta bar mata ƙara a kunne wadda ba ta rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta, sai ka ɗaga murya take ji da kunnen dama. Ta rame, kafaɗun nan suka zube. Manoman da ta saba saye a hannunsu suka jira ta kaka ɗaya, ta biyu suka sayar wa wasu. Ba ta yi fushi da su ba. Ta ce albasa ba ta jiran mai jinya.

Ni ma gidana ya ji a jikinsa. Na yaye ƙaramar 'yata kafin lokaci don in samu damar tafiye-tafiyen nan. Maigidana mutum ne mai haƙuri, bai taɓa hana ni ba, amma akwai ranakun da zai dawo daga kasuwa ya tarar ba a ɗora tukunya ba, ya fita ba tare da ya ce uffan ba, kuma wannan shirun ya fi mini faɗa nauyi. Wata rana na ba yara aikin rubutu na zauna a kujera, ban farka ba sai da aka kaɗa ƙararrawar tashi. Yaran ba su yi surutu ba. Sun zauna suna kallona.

Ƙarfen ya karye ne wata safiya da ba a yi komai ba. Ba faɗuwa ta yi ba, ba kaya ta ɗauka ba. Ta idar da alwala a kan kujerar tsuguno ta dafa sanda za ta miƙe, sai muka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ta koma ta zauna a hankali. Da na ɗaga zanen, cinyar ta lanƙwashe a wurin da babu gaɓa. Ba ta yi ihu ba, gumi kawai ya keto mata. Daga baya likita ya ce mana ƙarfen an yi shi ne don ya taimaki ƙashi na ɗan lokaci, ba don ya ɗauki mutum shi kaɗai shekara da shekaru ba. Kullum tana takawa yana ɗan lanƙwasa, har ya gaji.

Yayana, wanda tun farko zuciyarsa ba ta kwanta da asibiti ba, ya ce wannan karon shi za a bi. Akwai wani tsoho Bagunge, mai ɗori a wani gungu, wanda masunta ke kai wa karayarsu. Ban yi musu ba, ba ni da ƙarfin musu. Muka shimfiɗa mata katifa a cikin jirginsa muka ƙetara. Ruwan ya cika a lokacin, iska na kaɗawa, duk sanda jirgin ya daki igiyar ruwa sai ta damƙe hannuna. Rabonta da hawa ruwa tun kafin hatsarin, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga kai ta duba ba.

Tsohon ya karɓe mu da mutunci. Ya sa matarsa ta buɗe wurin, ya shafa cinyar daga sama zuwa ƙasa da yatsu biyu, ya sunkuya ya duba ramin da ke zubar da ruwa. Sai ya goge hannunsa ya ce shi ƙashi yake ɗorawa, kuma a nan akwai ƙarfe tsakaninsa da ƙashin, in ya ja, bai san abin da ƙarfen zai yanka a ciki ba. Ya ce waɗanda suka sa su ne za su cire. Ya yi mata addu'a, matarsa ta ba mu bandar kifi a leda. Yayana ya tayar da inji muka juyo gida.

Muka koma asibitin birni. Aiki na biyu ya fi na farko daɗewa. Suka ciro ƙarfen gida biyu, suka kankare ƙashin da ya mutu, suka wanke. Kusa ɗaya ta karye a cikin ƙashin, likita ya ce haƙo ta zai fi barin ta ɓarna, aka bar ta. Tun da ba za a sake sa wani ƙarfe a cikin wurin da ke da cuta ba, sai suka kafa mata na waje: dogayen tsinkayen ƙarfe da suka huda fata suka shiga ƙashi, sama da ƙasan karayar, aka haɗe su da sanda a gefen cinya. Da na fara ganin abin sai da na fita baranda na zauna.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata Bakambariya daga ƙauyukan Ngaski, manomiya, Kirista. Ita a ƙwauri aka sa mata ƙarfe bayan babur ya buge ta, kuma labarinta kusan namu ne, sai dai nata ramukan sun fi yawa. Hausarta ba ta nuna sosai ba, Inna kuma ba ta ji da kunne ɗaya, amma suka yi ta hira wuni, kan gero da farashin albasa da 'ya'ya. Ni da surukarta muke zuwa ɗebo ruwa tare, wadda ta riga tashi ta kama wa ɗaya layi. Ran Lahadi mutanen cocinsu kan zo su yi mata addu'a, in sun gama su juyo su gaida Inna, ta amsa da amin. Wata safiya aka tura gadonta aka fita da ita. Da aka dawo da ita da yamma, bargon ya kwanta shafe daga gwiwa zuwa ƙasa. Inna ta juya fuskarta bango, ba ta ci abinci ba ranar. Washegari ta sa na miƙa wa matar kunun da na dama mata.

Da likita ya zo zagaye, ya faɗa mana gaskiya cewa in ƙarfen wajen nan bai yi ba, abin da ya rage ke nan, yanke ƙafar. Amma ya ce yana da kyakkyawan zato, mu je gida mu dawo.

Inna ta ce, "Likita, in yankewa za ku yi, ku yanke yanzu ina nan kwance. Ban jin tsoron wuƙa. Abin da ya ishe ni, a ce mini in tafi in dawo."

Ya tsaya riƙe da ƙarfen gadon, ya ce, "Inna, da na san ƙarshen abin da na gaya miki. Ban sani ba. Ki ba ni wannan karon."

Inna ta juyo gare ni. Ta ce mini in haɗa kaya.

Zama da ƙarfen waje wata wahala ce daban. Ba ta iya ɗaura zane yadda ta saba, sai na ɗinka mata wani buje mai tsaga a gefe. Ba ta iya kwanciya sai rigingine. Ƙarfen ya kama tabarma, ya kama labule, ya daki bakin ƙofa, kuma duk abin da ya taɓa shi a cikin ƙashi take jin sa. A da rami ɗaya nake wankewa, yanzu kowane tsinke da bakinsa, kowanne sai an goge shi an cire ɓawon da ya taru. Na sama ya yi ja ya fara ruwa, ya soma motsi, sai da muka yi tafiya ta musamman aka cire shi aka huda wani wuri. Jikokinta suka daina hawa cinyarta. Ƙaramar 'yata ta tashi tana tsoron ɗakin.

Ban san ranar da abin ya juya ba. Na dai lura auduga ta fara fitowa da ɗan tabo maimakon a jiƙe, zazzaɓi ya yi nisa da zuwa, ta fara neman tuwo da miyar kuka da bakinta. A wani zuwa likita ya ɗaga hoton a taga ya nuna mini wani farin gajimare da ya lulluɓe karayar, ya ce ƙashi ne sabo. Na kalla ban ji komai ba. Na riga na saba da a ce da saura, har na manta yadda ake murna. Sai a mota, mun wuce rabin hanya, na ga hawaye na zuba mini, Inna na barci a kafaɗata.

Da aka cire tsinkayen, ƙafar ta gajarce da kamar faɗin yatsu uku, gwiwar kuma ta sandare, ba ta lanƙwasuwa sai kaɗan. Wani baduku a kasuwa ya ƙara mata tsayin takalmin hagu da yankan taya. Salla a zaune ta ci gaba da yi. Ramin ya rufe, amma ba rufewar har abada ba, wata daminar yakan ɗan tsattsafo na kwanaki ya koma. Ba ta sake zuwa gona ba. Ta kafa tire a zaure tana sayar da albasa kashi-kashi ga matan unguwa, ita da ke cika mota. Ta koma zuwa suna, sai dai kullum a bakin ƙofa take zama.

Bayan wasu shekaru, wani maƙwabcinmu mai sayar da itace ya faɗo daga kan mota ya karye a cinya. Matarsa ta shigo da rana tsaka, ko mayafi ba ta yafa daidai ba, ta durƙusa gaban Inna. An ce musu sai an sa ƙarfe, dangin mijin kuma sun ce a kai shi ɗori. Ta ce ta zo ne domin Inna ce ta san abin.

Ina wurin ina tsince shinkafa. Na ɗauka za ta ce kada su yarda. Ta daɗe tana jujjuya wata albasa a hannu.

Ta ce, "Ɗiyata, ban san abin da zan ce miki ba. Da ba a sa mini ba, wataƙila ban sake takawa ba. An sa mini, kin ga abin da na gani. Akwai waɗanda anka sa ma, suna nan suna noma. In kun tafi, ki tambaye su in ya ɓaci mi za a yi, kuma wa za ki iske in kin dawo. In kin ga ko ɗan ƙurji ne a wurin, kada ki tsaya kemis."

Matar ta jira ko akwai ƙari. Babu. Ta yi godiya ta tashi, har ta kai ƙofa Inna ta kira ta ta tambaye ta ko tana da wanda zai riƙe mata yara. Ta ce ƙanwarta na nan. Inna ta ce to ta je ta ci abinci tukuna kafin ta nemi mota.